Lita 1.1 a injin da ke cin 0.6: abin da maɓallin kwafi ya yi mana

Ƙorafin ta sashen kula da masu saye ya shigo, kuma da farko ba wanda ya ɗauke shi a matsayin matsalar rubutu. Wani makaniki daga cikin wakilanmu ne ya aiko da hoton ƙaramin janareto yana tuƙa hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, matatar iskarsa ta jiƙe sharkaf da baƙin mai. Ya ce wannan ne na uku da aka kawo masa a haka cikin mako biyu, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce littafi ya bi. Injin lita 0.6 na baƙin mai yake ci. Shafin bayanin da muka sa a intanet kuwa cewa ya yi a zuba 1.1. Mutum ya zuba, mai ya zo baki yana tumbatsa, ga shi abin da ya auno bai ƙare ba, sai ya karkata injin gefe don ragowar ta shige, tunda kamfani ne da bakinsa ya faɗi adadin. Idan mai ya yi yawa haka, ƙarfen da ke juyawa a cikin injin sai ya riƙa kaɗa shi har ya yi kumfa, wani ya bi ta bututun numfashi ya faɗa matata, wani ya haura ya ƙone tare da fetur. Hayaƙin ke nan.

Ni ke riƙe da sashen rubuta littattafan jagora a kamfanin, mu biyar ne har da ni. Da aka turo mini hoton, abin da na fara cewa shi ne ba zai yiwu ba, domin wannan littafin tun bara ba wanda ya taɓa shi. Kuma gaskiya na faɗa, ba wanda ya buɗe shi. Amma na shiga shafin da idona, ga 1.1 nan zaune.

Yadda rumbun yake

Wanda bai taɓa aiki da irin manhajar da muke rubuta littattafanmu a ciki ba zai ɗauka littafin jagora fayil ne guda ɗaya dogo, kamar wanda ake bugawa a Word. A wurinmu ba haka ba ne. Muna rubutu bisa tsarin DITA, wanda kamfanin IBM ya ƙirƙiro, ya miƙa wa ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta OASIS a 2004, ya zama karɓaɓɓiyar ƙa'ida a 2005. A wannan tsari ba a zama a rubuta littafi daga bango zuwa bango. Ƙananan gutsattsari ake rubutawa, kowanne yana amsa tambaya ɗaya: yadda ake sauya baƙin mai, yadda ake goge filogi, yadda ake ajiye injin idan za a daɗe ba a tayar ba. Mu a ofis tubali muke kiransu. Littafin kansa ba komai ba ne illa taswira, wato jerin da ke cewa ɗauko tubali kaza ka sa a babi na ɗaya, kaza a na biyu. Taswira ba ta ɗauke da rubutun, nuni kawai take yi.

Ƙarƙashin wannan akwai wani hawa kuma. Wasu jimlolin suna maimaituwa a wurare da yawa, kamar gargaɗin kada a tayar da janareto a cikin ɗaki saboda iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Irin wannan ba a rubuta shi sau goma. Sau ɗaya ake rubutawa a ajiye a wani tubali na musamman da muke kira taska, sai duk tubalin da ke bukatarsa ya yi aro ta hanyar da DITA ke kira conref. A allo, rubutun aro yana fitowa a mazauninsa kamar a nan aka rubuta shi, sai dai bayansa ya ɗan yi ruwan toka. Hotuna ma haka, suna can ma'ajiyarsu, tubali nuna su kawai yake yi.

Abu na ƙarshe da ya kamata a riƙe: manhajar ba ta san tubali da sunansa ba. Sunan na mutane ne. Ita da lambar shaida ta san shi, wata doguwar lamba mai haruffa da alƙaluma 32 da take ƙirƙira wa kowane abu ranar da aka haife shi. Tubali biyu za su iya zama da suna ɗaya da rubutu ɗaya har ɗigo da waƙafi, amma in dai lambarsu ta bambanta, a wurin manhaja ba su haɗa komai ba, ko dangin nesa ba ne.

Ranar da aka danna

Wata huɗu kafin wannan ƙorafi, kamfani ya fito da babban samfurin janareton, mai batir da makullin tayarwa. An ba mu mako uku mu fitar da littafinsa. Na ɗora aikin a kan wata sabuwar marubuciya da ta zo mana ba da jimawa ba, mai ƙwazo, hannunta da sauri, rubutunta da tsabta. Umarnin da na ba ta, ina tsaye a bakin ƙofa zan shiga wani taro, bai wuce jimla ɗaya ba: "Malama, ki ɗauki na ƙaramin ki yi kwafi, sai ki gyara inda suka bambanta." Na sa wannan a rubuce a rahoton da na miƙa daga baya, domin duk abin da ya biyo baya daga wannan jimlar ya tsiro.

Ta yi abin da aka ce. Ta zaɓi taswirar ƙaramin janareto, ta danna maɓallin kwafi. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko taswirar kaɗai za a kwafa, ko a haɗa da abin da ke ƙarƙashinta. Kowa a matsayinta na biyun zai zaɓa, don wa ke son fanko? Cikin daƙiƙa kaɗan sai ga sabuwar jaka da taswira sabuwa da tubali 140, kowanne da sabuwar lambarsa. A ido, littafi ne cikakke nata na kanta, wanda za ta iya yi wa duk abin da ta ga dama.

A nan gizo ke saƙar. Abin da manhajar ke nufi da "abin da ke ƙarƙashinta" shi ne tubalan da taswira ta nuna kai tsaye, hawa ɗaya tak. Ba ta sauka hawa na biyu ba. Taska ba ta kwafu ba, hotuna ba su kwafu ba. Sababbin tubalan nan 140 suka ci gaba da aro daga tsohuwar taska, daidai yadda iyayensu ke yi. Ban ce wannan kuskuren manhaja ba ne, hasali ma da gangan aka gina ta haka, kuma akwai hikima a ciki: wa zai so gargaɗin iska mai guba ya rabu gida biyu? Amma ba ta faɗa ba. Ba ta nuna wa mai dannawa jerin abin da ya zama nasa da abin da har yanzu na tarayya ne ba. Masu shirya manhaja suna bambance kwafin sama-sama, wanda ke ɗaukar nuni kawai, da kwafi mai zurfi, wanda ke bin kowane nuni har gindi. Namu ba wannan ba ne, ba wancan ba. Ya tsaya a tsakiya, rabi naka, rabi na kowa, kuma duk launinsu kusan ɗaya a allo.

Da na zauna da ita muna bin tarihin gyare-gyare, na tambaye ta ko ta tuna ranar da ta sauya adadin man. Ta ce, "Yallaɓai, na tuna sarai. Na buɗe tubalin sauya mai a cikin jakata, na ga 0.6, na danna a kai, ya ƙi rubutuwa. Sai na danna sau biyu, wata taga ta buɗe, na gyara, na adana. Ni duk a zatona cikin littafina nake." Wannan tagar ita ce taska. Wani daga cikinmu, shekarun baya, ya ga adadin man yana fitowa a wuri huɗu a littafin ƙaramin janareto, sai ya kai shi taska don kada wata rana a gyara uku a manta ɗaya. Dabara ce mai kyau a lokacin da samfuri ɗaya ne a duniya. Bai sa wa gutsuren sunan samfurin ba, "yawan mai" kawai ya rubuta, don a ranar babu wani yawan mai sai wannan.

Da a ce littafin ƙaramin a daskare yake, da abin ya tsaya nan. Manhajar tana da hanyar daskarar da bugu, inda za ka ce wannan littafin yana amfani da siga ta kaza ta kowane tubali, kome aka yi daga baya bai shafe shi ba sai ka sake shi da hannunka. Littafin takarda da ake sawa a kwali haka yake, shi ya sa bai taɓu ba. Amma shafin intanet mun bar shi a kan "ɗauko siga mafi sabunta", yana sake gina kansa kowane dare, don mu riƙa gyara kuskuren rubutu ba tare da dogon turanci ba. A daren da ta adana 1.1, shafin ƙaramin janareto ya tashi da 1.1. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ya zauna a haka fiye da wata uku, kuma mafi yawan masu saye, kowa ya sani, kwali da littafin takarda a ranar farko suke rabuwa da su, in bukata ta taso waya suke ɗaukowa.

Tsugune ba ta ƙare ba

Na mayar da lambar a cikin minti biyar, na raba gutsuren gida biyu, kowanne da sunan samfurinsa. Da na so, da na rufe maganar a nan. Abin da ya hana ni shi ne wata tambaya da ta tsaya mini a rai: in gyaran da bai kamata ya tsallaka ba ya tsallaka, to wanda ya kamata ya tsallaka fa?

Na nemi jerin duk gyaran da aka yi wa tubalan ƙananan injuna tun daga ranar kwafi. Akwai guda da ya sa na yi shiru. Wata biyu da suka wuce injiniyoyi sun bukaci a ƙara mataki a tubalin ɗaukar injin a mota: a rufe famfon fetur, a bar injin ya huce, sannan a ɗaga. An ƙara shi a tubalin asali, wanda wasu ƙananan samfura biyu ke amfani da shi, aka duba, aka amince. Wanda ya yi gyaran ya bi ƙa'ida, ya buɗe rahoton "ina ake amfani da shi", ya ga littattafan da abin ya shafa, ya sanar da masu su. Littafin babban janareto bai fito a rahoton ba, kuma ba zai taɓa fitowa ba, domin shi ba ya amfani da tubalin. Yana amfani da wani tubali daban mai wata lamba daban, wanda ya yi kama da shi kawai. Mataki ne a jikin tubalin, ba aro daga taska ba, don haka ba abin da zai kai shi can. Babban injin, wanda tankinsa ya fi girma, shi ne aka bari babu wannan matakin.

Wato a littafi ɗaya mun yi kuskure iri biyu masu kishiyantar juna. Inda muke zaton mun rabu, ashe a haɗe muke. Inda muke zaton a haɗe muke, ashe mun rabu tuni. Kuma ba yadda za a yi mutum ya gane wanne ne wanne ta hanyar karanta shafin.

Sauran biyun da na tarar ba su kai waɗannan haɗari ba, amma ɗaya ya fi ba ni kunya. Mahaɗan cikin rubutu, irin "duba yadda ake goge filogi", da lambar shaida suke nuni. Manhajar ta kwafi tubalan amma ba ta karkatar da mahaɗan zuwa sababbin ba. Mai karatu yana cikin littafin babban janareto, ya danna mahaɗi, sai ya tsinci kansa a shafin ƙaramin, da hoton ƙaramin, ba tare da wata alama ba, domin tsarin buga shafukanmu yana gina duk tubalin da aka nuna ko da ba ya cikin taswira. Wannan gyaransa aikin rana ɗaya ne.

Mai ba da kunyar shi ne hatimin amincewa. Kowane tubali yana da bayanan da ke manne a goshinsa: wa ya rubuta, wa ya duba, wane matsayi yake. Maɓallin kwafi ya ba su sabuwar lamba, ya mayar da tarihinsu sifili, amma ya bar musu matsayinsu na "an amince", har da sunan injiniyan da ya amince da na asali. Injiniyoyi kuwa jerin "jiran dubawa" kaɗai suke buɗewa. Tubalan da marubuciyar ta taɓa sun koma jiran dubawa, an duba su. Waɗanda ba ta taɓa ba suka wuce da hatimin da ba nasu ba. Wato ba wani injiniya da ya taɓa zama ya ce, e, wannan umarnin da aka rubuta don ƙaramin inji ya dace da babba. Ƙa'idar kula da inganci ta ISO 9001 ta 2015, a sashe na 7.5, tana neman a duba takarda a amince da dacewarta, a kuma kula da sauye-sauyenta. Da mai binciken inganci ya zo a lokacin, da ya ga komai kore shar, ya sa hannu ya tafi, alhali amincewar aro ce.

Ƙidaya

Kafin mu shiga gardamar me za a yi, na so in san girman abin. Abokin aikinmu mai kula da manhajar ya fitar da tubalan biyu-biyu, na asali da kwafinsa, ya cire lambobin shaida da kwanan wata, ya lissafa wa kowanne tambarin SHA-256, wanda in harafi ɗaya ya sauya shi ma sai ya sauya gaba ɗaya. Haɗa su biyu-biyun ma sai da ya sha wahala, don manhajar ba ta ajiye ko kalma ɗaya game da wa ya haifi wa ba. Da suna da kamanni ya riƙa lalube. Wannan ba laifin tamu kaɗai ba ne. Ko Git, tsarin ajiye tarihin gyaran fayil da masu shirya manhaja ke taƙama da shi, ba ya rubuta cewa fayil kaza kwafin kaza ne, sai dai in ka tambaye shi ya auna kamanni ya yi hasashe.

Daga cikin 140, guda 96 rubutunsu ɗaya ne da na asali, ban da wanda aka ƙara wa mataki daga baya, wanda na lissafa a cikinsu tunda shi ma bai kamata ya bambanta ba. Guda 31 sun bambanta da sunan samfuri ko wata lamba kawai. Guda 13 ne rak suka bambanta da gaske, su ne na batir, da makullin tayarwa, da allon soket. Saboda tubali 13 muka haifi 140. Kuma duka 140 ɗin an tura su fassara zuwa Faransanci da Larabci a matsayin sababbi, don fassarar da muke da ita a jikin tsofaffin lambobi take rataye. Ma'ajiyar fassara, inda ake tara jimlolin da aka taɓa fassarawa, ta gane yawancin jimlolin, amma duk da haka sai da mutum ya sake bi ya duba. Yanzu muna da tubali 96 sau biyu a harshe uku, kowane gyara na gaba sai an yi shi sau shida maimakon uku.

Gardamar

Taron da muka yi bai yi daɗi ba, kuma ba don ana neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Tun farko na ce nawa ne, aka wuce wurin. Abin da ya raba mu shi ne magani.

Mai kula da manhaja ya ce a toshe maɓallin kawai, a hana kowa. Babban injiniya kuma ya tsaya a ɗaya gefen: shi a ganinsa matsalar ita ce kwafin bai yi zurfi ba. A kwafe komai har taska har hotuna, kowane samfuri ya zauna a gidansa, kada wani ya ƙara taɓa littafinsa daga nesa. Na fahimce shi, don shi ne sunansa ke kan hatimi. Na ce masa, "Injiniya, in muka yi haka, matsalar mai ba za ta sake faruwa ba, gaskiyarka. Amma ta famfon fetur za ta riƙa faruwa kullum, kuma ita ba ta hayaƙi. Ba makanikin da zai aiko mana da hoton matakin da babu shi." Mun yi gudun gara ke nan mu faɗa gidan zago. Shekara biyar nan gaba, da samfuri goma, gargaɗin iska mai guba zai zama iri goma, kuma ba wanda zai iya cewa ga na gaskiya.

Toshe maɓallin ma ban yarda da shi ba. Na taɓa ganin inda aka yi haka. Mutane ba su daina kwafi ba, sai dai su buɗe sabon tubali su zuba rubutun da hannu, wanda ya fi muni don ko alamar ranar kwafi ba za ka samu ba. Kuma akwai lokacin da kwafi shi ne daidai. In kana da tubali na ƙwarangwal da ake fara sabon rubutu da shi, kwafi aka yi shi dominsa. In abu biyu sun yi kama yau amma kowa ya san hanyarsu ta rabu, kamar injin fetur da na dizal, ɗaure su tare azaba ce. Na ga tubalin da aka ƙi rabawa har ya tara sharuɗɗa tara, kowace jimla da alamar wannan na samfuri kaza ne, ban da kaza, sai in ƙasa kaza ce. Ba mai iya karanta shi, ba mai ƙarfin halin gyara shi. Son tarayya in ya wuce kima shi ma ciwo ne.

Tambayar da muka tsaya a kai a ƙarshe ba "sun yi kama?" ba ce. Ita ce: in aka gyara wannan gobe, dole ne wancan ma ya gyaru? In amsar e ce, abu ɗaya ne, ko da a littafi goma yake fitowa. In a'a ce, abu biyu ne, ko da yau ba su bambanta da harafi ba. Gargaɗin ɗaukar inji a mota, e. Yawan mai, a'a, kuma tun farko bai cancanci zama a taskar kowa da kowa da suna irin wannan ba.

Abin da muka yi

Tubalan nan 96 muka share kwafinsu, taswirar babban janareto ta koma nuna na asali. Matakin famfon fetur ya shigo da kansa, fassarorin ma suka dawo. Amma sai da injiniya ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya da babban injin a zuciyarsa, wanda shi ne aikin da aka tsallake tun farko. Ya cire biyu ya ce ba su dace ba, suka koma cikin masu zaman kansu.

Guda 31 ɗin su suka fi cin lokaci. Tun siga ta 1.2, wadda ta fito a 2010, DITA tana da abin da ake kira mabuɗi. Maimakon tubali ya ce ɗauko mini gutsure mai lamba kaza, sai ya ce ɗauko mini "yawan mai", ita kuma taswirar kowane littafi ita ke faɗin abin da "yawan mai" ke nufi a gidanta. Tubali ɗaya ne, amma a littafin ƙarami ya fito 0.6, a na babba 1.1. Mahaɗan cikin rubutu ma muka mayar da su kan mabuɗi, don haka duk littafin da aka sa tubalin, mahaɗin cikin wannan littafin zai kai ka. Kowane samfuri ya samu ƙaramar taskar lambobinsa, da sunansa ɓaro-ɓaro a jiki.

A nan ma sai da muka taka burki. Marubuciyar, da ta ga daɗin mabuɗi, ta so ta mayar da kalmar "janareto" kanta mabuɗi, don tubalan su yi wa famfunan ruwa da sauran na'urori aiki. Mai duba mana fassara ya hana. A Turanci yawanci za ka cire suna ka sa wani, jimla ba ta motsa ba. A Faransanci da Larabci jinsin sunan yana jan kalmomin da ke kewaye da shi. Ko a Hausa ma, janareto "kashe shi" ake yi, na'ura "kashe ta". Muka tsaya a kan lambobi da sunayen samfuri, waɗanda ba sa jan komai.

A manhajar kuma abu uku muka sauya. Duk abin da aka kwafa yanzu yana faɗowa a matsayin daftari, goshinsa fanko, ba mai dubawa ba hatimi. Akwai sabon gurbi da ke cika kansa da lambar uwar tubalin da sigarta a ranar kwafi, kuma rahoton "ina ake amfani da shi" yana nuna 'ya'yan a ƙasa, don mai gyara ya san akwai wanda zai leƙa. Taska kuma ta koma hannun mutum biyu. Kowa na iya aro, amma in ka danna sau biyu, abin da za ka gani shi ne jerin littattafan da ke cin wannan gutsuren, ba wurin rubutu ba. Shafukan intanet muka daskarar da su kamar na takarda. Gyaran waƙafi yanzu yana ɗaukar kwana biyu maimakon dare ɗaya, kuma abokan aikina ba su daina yi mini ƙorafi a kai ba.

Sashen masu saye ya aika wa wakilai sanarwa game da adadin man, aka kuma liƙa gyara a saman shafin na tsawon wata uku. Injunan da aka kawo an zubar da man, an sauya matata da filogi, sun tashi.

Tubali ɗaya ne har yau ba mu daidaita a kansa ba, na yadda ake tayar da injin. Matakai biyar na farko ɗaya ne a samfuran biyu: duba mai, duba fetur, cire duk abin da ke jone, buɗe famfo, ja cok. Daga na shida ɗaya igiya ake ja, ɗaya makulli ake murɗawa, kuma babban ma yana da igiyar ko-ta-kwana in batir ya mutu. Ni ina ganin tubali ɗaya ne da sharaɗi biyu. Injiniya ya ce biyu ne, don samfuri mai zuwa ba shi da cok ma sam. A yanzu biyu ne, kowanne da lambar ɗan'uwansa a goshi, kuma na rubuta a kalandata in sake buɗe su tare idan zanen sabon injin ya iso.